MU SAN DUNIYARMU: Laimar kwaɗi mai lulluɓi

Jama'a masu karatu, kowa ya san laimar kwaɗi da ke hitowa da damana bisa juji ko gindin itace. A wannan wata za mu yi muku bayanin wata irinta da ke cikin kurmi mai yawan ruwa da zahi, kamar na kudancin Najeriya, da Kongo, da ƙasar Sin, da Amurka ta Kudu. Wani masani ɗan Faransa, Bantena, shi ya hwara rubuta bayaninta a 1798.

Da hwarko tana hitowa kamar ƙwan kaza, rabinshi binne cikin ƙasa. Da dare sai ƙwan ya hwashe, kara hwari ya miƙe. Cikin awa 10 zuwa 15 ya gama tashi, wani har ya kai santimetir 25. Daga ƙarƙashin hularta kuma wata raga mai kama da komar masunta ta sauko kusan har ƙasa.

Mi ya kawo wannan sauri? Karan dama a shirye yake cikin ƙwan, a dunƙule. Ruwa kawai yake sha ya kumbura kamar soso.

Bisa hular akwai wani yauƙi mai wari. Warin nan shi ke kiran ƙudaje. Su sha yauƙin, su tahi su zubar da irinta wani wuri cikin kashinsu. Bayan ƴan kwanaki laimar ta yi yaushi ta ruɓe. Mutanen Sin suna cinta, tun 1979 ma suke nomanta.

Amma ainihin jikinta shina cikin ƙasa. Wasu zaruruwa ne hwarare, sirara, da ke daɗewa suna cin mataccen itace da ganye har su maishe su taki. Laimar da ake gani ɗiyarsu ce kurum.

Manoma, ga inda zancen ya shahe mu. Dangin zaruruwan nan suna cikin gonakinmu, su ke ruɓar da karan hatsi da kashin dabbobi. Wanda ya ƙone kara ya hana su abinci, ya kuma hana gonarshi taki. A bar kara kwance bisa gona.

A kuma ja kunnen yara kada su ci laimar kwaɗin da ba a sani ba, don wasu dahi ne mai kisa.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.