In Azzalumi Ya Dawo Ruga, Wa Ya Kamata Ya Sunkuyar Da Kai?

'Yan'uwa makiyaya da fataken shanu, kaka ta yi, garkuna suna gangarowa daga arewa, kowace ruga tana murnar taryar mutanenta. Amma akwai yarinyar da wannan dawowa take zame wa tashin hankali. Ita ce 'yar shekara 14 ko 15 wadda kawunta, ko mijin uwarta, ko ɗan baffanta ya ci zarafinta kafin ya tafi, ko da duka ko da lalata. Watannin da ba ya nan ta fara cin abinci, ta fara dariya. Yau ga shi zaune bisa tabarma, har ana ce mata ta kai masa nono ta durƙusa ta gaishe shi.

Ku lura da ita. Ta daina magana, tana firgita cikin barci, ba ta yarda ta je rijiya ita kaɗai. Wasu su ce aljanu ne, wasu su ce taurin kai. Tsoro ne, kuma tana da dalili, domin mai hali ba ya fasa halinsa.

Dattawa sukan ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. To ita yarinyar ba jininmu ba ce? Filako da kunya ado ne gare mu, amma kunyar wannan al'amari tana kan wanda ya aikata. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Gaggauta aurar da ita don rufin asiri kuwa hukunta wadda aka zalunta ne.

Ga abin da muke gani ya dace. A gaskata maganarta, kada a sa ta maimaita a gaban taro. Ta riƙa kwana wajen inna ko goggon da ta amince da ita. Kada a aike ta bukkarsa, kada a tilasta mata yafewa. In wani zai bar rugar, shi ne zai tashi. Arɗo da liman su faɗa masa haka baki da baki. In ya sake taɓa ta, a kai ta likita cikin kwana 3, domin a cikinsu ne maganin rigakafin ƙanjamau yake aiki, sannan a sanar da jandarma.

Doka tana bayanta. Gana, Nijar da Cadi sun amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin yara a 1990, Kamaru a 1993, kuma tun 1999 Nijar ta kafa kotunan yara.

In kura ta taɓa ɗaukar maraƙi, ba wanda ke barin garke babu tsaro. 'Ya'yanmu sun fi shanunmu daraja. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, amin.