KARANTAR DA 'YA'YA A GIDA: WANDA ZAI CANZA JIHA YA FARA SANIN DOKARTA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa, da sahabbansa. Bayan haka:

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu Musulmi mazauna Amurka sun janye 'ya'yansu daga makarantun gwamnati, sun koma karantar da su a gida, don gudun cuɗanyar maza da mata da gurɓacewar aƙida. Wannan niyya ce abar yabo, domin Allah Ya ɗora wa uba tsare iyalinsa daga wuta, kamar yadda ya zo a Suratut Tahrim. Sai dai kyakkyawar niyya ba ta wadatarwa idan babu ilmi, kuma jahilcin da ya fi cutar da 'yan'uwa a wannan babi shi ne na ranar da suka tashi daga wata jiha zuwa wata.

Tun shekarar 1993 karantarwa a gida halal ce a dokokin jihohi 50 na ƙasar, saɓanin Jamus inda aka haramta ta. Kotun Ƙolin Amurka ta yanke tun 1925 cewa jiha ba za ta tilasta wa yara shiga makarantar gwamnati kaɗai ba. Amma sha'anin ilmi a hannun jihohi yake, kowace da nata sharuɗɗan.

A Texas ba a neman uba ya yi rajista da hukuma. Kotun Ƙolin jihar ta tabbatar a 1994 cewa makarantar gida hukuncinta hukuncin makaranta mai zaman kanta ne. Abin nema shi ne a koyar da karatu, da ƙa'idar rubutu, da nahawu, da lissafi, da zama ɗan ƙasa nagari. A New York kuwa, wanda ya sauka a tsakiyar shekarar karatu dole ne ya rubuta wa hukumar ilmin gundumarsa cikin kwana 14 da fara karantarwa, ya miƙa manhajar kowane yaro, ya kai rahoto sau huɗu a shekara, ya cika awa 900 ga 'yan aji 1 zuwa 6. A Pennsylvania sai mai karantarwa yana da shaidar kammala sakandare, kuma ana yi wa yaro jarrabawa a aji 3 da 5 da 8. To, wanda ya taso daga Houston ya sauka a Bronx da tsohuwar al'adarsa ta yin shiru, ya saɓa doka bai sani ba. Ana iya rubuta 'ya'yansa cikin masu fashin makaranta, a tuhume shi da sakaci, har ma'aikatan kula da yara su ƙwanƙwasa masa ƙofa. Ya gudu don ya tsare 'ya'yansa, ga shi ya buɗe wa wasu hanyar sa hannu a kansu.

Muna jin wasu suna cewa cika waɗannan takardu miƙa wuya ne ga dokar da ba ta Allah ba. Muna ganin wannan kuskuren fahimta ne. Wanda ya shiga ƙasa da izinin mahukuntanta ya shiga da alkawari, kuma malaman fiƙihu sun tabbatar da cewa yaudara ba ta halatta gare shi. Sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha sun zauna ƙarƙashin Najjashi, sun riƙe addininsu, ba su ci amanar masaukinsu ba. Takardar sanarwa ba ta halatta haram, ba ta haramta halal, ba ta hana uba koyar da Alƙur'ani da Tauhidi da Larabci. Sannan sananne ne a ilmin Usul cewa abin da wajibi bai cika sai da shi, shi ma wajibi ne.

Haka nan muna gargaɗin waɗanda ke zaɓar jiha mai sauƙin doka don kada kowa ya bincike su. Idan hukuma ba ta tambaye ka ba, Allah zai tambaye ka. Yaron da ya kai shekara goma sha biyu bai iya lissafi ba, bai kuma gyara Fatiha ba, an zalunce shi, kuma an bai wa maƙiya Sunna hujja a kanmu.

Don haka nasiharmu ita ce: kafin ka ɗaure kaya, ka karanta dokar jihar da za ka daga hukumar ilminta, kada ka dogara da ji-ta-ji-tar bakin masallaci. Ka sanar da gundumar da za ka bari a rubuce. Ka adana manhaja, da rajistar kwanakin karatu, da sakamakon jarrabawa, da kwafin kowace wasiƙa. Limamai da kwamitocin masallatai kuma su sa wannan cikin abin da suke fara tambayar baƙon da ya sauka da iyali, kamar yadda suke tambayarsa masauki.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya sa su zama sanyin idanunmu, Ya tabbatar da mu a kan Sunna. Amin.