A gwada mu, amma a fara horar da mu

A Amurka akwai wata sana'ar lafiya da ba mu cika sani ba a nan, wadda a Faransanci ake ce wa mai yin ta ergothérapeute. Shi ne ke sake koya wa wanda ɓarin jikinsa ya shanye yadda zai riƙe cokali ko ya sa riga, shi ne kuma ke zama da yaron da hannunsa ya kasa riƙe alƙalami. Ba ya samun wannan suna sai ya yi digiri na biyu, ya ci jarrabawar ƙasa ta hukumar NBCOT, sannan jiharsa ta ba shi lasin aiki. Lasin kuwa yana ƙarewa. A jihar Kaliforniya, duk shekara 2 sai ya nuna shaidar awa 24 ta ƙarin karatu kafin a sabunta masa.

To, wanda ke koya wa yaro guda riƙe alƙalami ke nan. Mu fa, da ke koya wa yara sittin ko saba'in a aji ɗaya? Takardar da muka fito da ita daga makarantar horon malamai ita ce za ta raka mu har ritaya, kamar ilimi ba ya tsatsa. Da yawa cikin malaman kontiragi ma ba su taka wannan makaranta ba, alli kawai aka miƙa masu.

A watan Yulin 2017 an tara malaman kontiragi a jarrabawar tantancewa, ƙungiyoyin malamai suka yi kiran ƙauracewa, daga baya aka soke kwangilar dubbai. Ban yarda da abokan aikina da ke cewa gwada malami cin mutunci ne ba. Binciken PASEC na 2014 ya nuna ko ɗaya cikin goma na ɗalibanmu na ajin ƙarshe na firamare bai kai matakin da ake so a karatu ba. Uban da ya hana ɗansa kiwo ya kai shi lakwal shekara shida yana da haƙƙin sanin ko mushen ya iya abin da yake koyarwa.

Sai dai wanda ya ɗauki mutum aiki ba horo, ya bar shi shekara goma a ƙauye ba littafin jagora, albashi sai an ga dama, sannan rana ɗaya ya ajiye masa takardar jarrabawa, kansa ya kamata ya fara gwadawa. Can inda na ambata, ma'aikaci ya san awa nawa ake bin sa, ya san ranar da lasinsa zai ƙare. Nan kuwa gwaji kamar aradu yake faɗowa.

Na san za a ce Nijar ba Amurka ba ce. Awa 24 a shekara 2, ai kwana biyu ne kacal a shekara! Kuma muna da CAPED, inda malaman makarantu maƙwabta ke haɗuwa su duba darussan juna. Na halarci zaman da ya fi mini amfani bisa wata guda na lacca, na kuma halarci wanda sa hannu kawai aka yi aka watse, don kowa na lissafin kuɗin kabu-kabun da ya biya daga aljihunsa.

Abin da nake nema: a ƙayyade awannin horo na kowace shekara, a rubuta su a takardar kowane malami, tsohon ma'aikaci da ɗan kontiragi duka, gwamnati ta biya kuɗin hanya. Wanda aka horar ya ƙi zuwa, ko ya kasa sau biyu, a karɓe allin, ba zan yi masa yajin aiki ba.

Ku kuma iyaye, a taron COGES mai zuwa, bayan maganar rumfa da tebura, ku tambayi darakta yaushe rabon malaman makarantarku da zaman horo.