Digiri biyu a shekara biyar: a fara buɗe wa malaman asibitin karkara ƙofa

A watan Disamba na 2022 aka fara ba da rahoton ɓullar mashaƙo a Kano, kuma kafin shekarar 2023 ta ƙare jihar nan ce ke ɗauke da mafi yawan waɗanda aka tabbatar sun kamu a Najeriya baki ɗaya. Mashaƙo ba baƙuwar cuta ba ce, riga-kafinta yana cikin allurar da ake yi wa jarirai kyauta a mako na 6 da na 10 da na 14 bayan haihuwa, kuma yawancin yaran da ta kwantar ba su kammala waɗannan allurai ba. Ke nan shekara da shekaru yara suna ta zamewa daga rajista, unguwa bayan unguwa, ba a sami wanda ya zauna da alƙaluman mazaɓarsa ya gane cewa giɓin ya kai matakin haɗari ba. Wannan zama da alƙaluma, da bin sawun cuta gida gida, da tsara yadda za a tare ta kafin ta yi ƙarfi, shi ne ilimin kiwon lafiyar al'umma. Masu zurfin sani a cikinsa sun yi mana kaɗan, waɗanda muke da su kuma sun taru a cikin birni.

Wanda ya san ƙasar da ta shimfiɗu daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, Bagwai da Tsanyawa, ko daga Minjibir zuwa Ɗambatta da Makoɗa, ya san cewa karkara ce mai cunkoso. Tun shekarun 1960 masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi ta nazarin karkarar Kano saboda yadda gonaki suka haɗe da juna, ana noma su duk shekara ba hutu, ƙauye na hango ƙauye. Wannan cunkoso albarka ne ga kasuwa, amma hanya ce buɗaɗɗiya ga ƙyanda da amai da gudawa da sanƙarau. Motocin hatsi suna shiga Dawanau daga ko'ina, har daga Nijar. Madatsun ruwa na Tomas da Watari da Wasai sun kawo noman rani, sun kuma kawo sauro da tsargiya ga yaran da ke wanka a bakinsu. Ma'aunin da ake amfani da shi a duniya shi ne a sami ƙwararren mai bin diddigin annoba guda ɗaya ga kowane mutum 200,000. Ko da ƙidayar 2006 aka yi lissafi, wadda ta ba Kano mutum miliyan 9.4, jihar na bukatar irin waɗannan ƙwararru 47, kusan ɗaya ga kowace ƙaramar hukuma cikin 44. Ƙidayar nan kuwa ta tsufa ƙwarai.

A Amurka jami'o'i da yawa, ciki har da Johns Hopkins da Boston da Tulane, suna da tsarin da ɗalibi zai haɗa digirin farko da na biyu a fannin lafiyar al'umma cikin shekara biyar maimakon shida. Yadda abin yake ba wani siddabaru ba ne. Ɗalibin da ya yi ƙwazo yakan nemi gurbi tun yana aji uku, a aji huɗu ya fara ɗaukar wasu darussan digiri na biyu, a ƙirga masa su a ɓangarorin biyu, sannan ya ƙarasa sauran a shekara ta biyar. Ba sai mun tsallaka teku ba ma: maƙwabtanmu na Nijar suna bin tsarin Faransa, inda digirin farko yake shekara uku, na biyu shekara biyu, jimilla biyar. Ra'ayina shi ne Kano tana bukatar irin wannan hanya, amma kuskure ne a kwafo ta yadda take a Amurka, inda aka gina ta domin matashin da bai taɓa aiki ba. A nan, waɗanda ya kamata a fara buɗe wa ƙofa su ne ma'aikatan lafiya da ke riƙe da ƙananan asibitocin mazaɓu, da 'ya'yan karkarar da za su gaje su.

Dalili shi ne tsawon hanyar da muka shimfiɗa musu. Yarinyar da ta gama sakandare a Kunci ta shiga makarantar koyon aikin lafiya ta Kano ko ta Bebeji za ta yi shekara uku kafin ta fito da shaidar da ake kira CHEW. Sai ta yi wasu shekaru tana aiki kafin ta cancanci kwas ɗin CHO na shekara biyu, irin wanda ake yi a asibitocin koyarwa. Idan tana son digiri na biyu, galibi sai ta bi ta babbar difloma ta share fage, ko ta koma jami'a ta ɗauko digirin farko, sannan ta yi wata shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Kusan shekara takwas ke nan ko fiye a kan benci, ban da jiran gurbi, da jiran a ba ta izinin tafiya karatu, da haihuwa da goyo da ke shigowa tsakani. Abin takaicin shi ne a kowane mataki ana maimaita mata abin da ta riga ta sani: ma'anar kiwon lafiya a matakin farko, sanarwar Alma-Ata ta 1978, jadawalin riga-kafi, tsaftar muhalli, alhali ita ce take yin riga-kafin da hannunta duk ranar awo. Wanda ya bi ta jami'a kai tsaye ma bai tsira ba. Shekara huɗu, sai shekarar yi wa ƙasa hidima, domin jami'o'inmu ba sa ɗaukar ɗalibin digiri na biyu sai da takardar kammala hidimar ko ta yafewa, sai jiran zangon ɗauka. A kan haka a ɗora yajin aikin malaman jami'a na wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022.

Abin da nake kira a yi bai wuce ƙarfin cibiyoyin da muke da su ba. Jami'ar Bayero tana da sashen lafiyar al'umma mai daɗewa, tana da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma tun 2019 tana da cibiyar ACEPHAP mai nazarin lafiyar jama'a da tsare-tsare, wadda Bankin Duniya ya tallafa. Jami'ar ta zauna da makarantun koyon aikin lafiya na jiha da hukumar da ke yi wa ma'aikatan lafiyar al'umma rajista, a jera manhajojin gefe da gefe, a ga abin da ya maimaitu a cire shi, a ƙirga wa mai shaidar CHEW ko CHO darussan da ya riga ya ci bayan jarrabawar tantancewa mai tsauri. Daga nan ya shiga zango ɗaya miƙaƙƙe wanda zai kai shi digirin farko, ya wuce na biyu ba tare da ya sake neman gurbi ba. Ɗan sakandare mai hazaƙa daga ƙananan hukumomin karkara shi ma ya sami tasa ƙofar ta shekara biyar. Sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta ƙaddamar a Disamba 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cika da abin da ya dace da yankinta, kuma babu abin da ya fi dacewa da wannan kaso kamar tamowa, tsargiya, jijjigar masu ciki, da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake raba wa yara gida gida a damina.

Masu suka za su ce sauri kan haifi nawa, kuma sukarsu tana da nauyi. Digiri na biyu a wannan fanni an gina shi ne domin wanda ya riga ya ga aiki. Johns Hopkins ɗin da na ambata, babban digirinta na MPH ba ta ɗaukar wanda bai yi shekara biyu yana aikin lafiya ba, sai in yana da wani babban digiri kamar na likita. Matashi ɗan shekara 22 da ya haddace lissafin yaɗuwar cuta amma bai taɓa zama gaban dagaci yana roƙon a fito da yara ba, takarda kawai yake riƙe da ita. Na yarda da wannan, kuma shi ne ma ya sa nake cewa a fara da ma'aikatan da ke bakin aiki, domin su gogewar suna da ita, lissafin da dabarun bincike ne ba su samu ba. Ga matasa kuwa, sharaɗin shi ne kada a taɓa lokacin aikin fili ko da mako guda. Abin da za a yanke shi ne jira da maimaici. Muna da misali a gida: shirin horar da masu bin diddigin annoba da aka fara a 2008, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Ibadan ke ba da digirinsa, ɗalibansa suna yin mafi yawan shekarunsu biyu a fili, kuma sun taka rawa a binciken gubar dalma a Zamfara a 2010 da shawo kan Ebola a Legas a 2014. Shekara ta biyar ta ɗalibinmu a sashen lafiya na ƙaramar hukumar Shanono ko Gabasawa ya kamata ta kasance, kundin bincikensa kuma ya amsa tambayar da incajin wani asibiti yake fama da ita.

Wasu kuma za su ce karkara hannaye take bukata, ungozoma da mai allura, ba masu manyan digiri ba. Gaskiya ne ƙarancin ungozomomi ya fi komai tsanani, kuma makarantar ungozomomi ta Ɗambatta ta cancanci ninkin abin da ake ba ta. Amma hannaye ba mai tsara musu aiki wahala suke sha a banza. A kowace ƙaramar hukuma akwai jami'in sa ido kan cututtuka, da mai kula da sanyin alluran riga-kafi, da mai tattara alƙaluma, da shugaban sashen lafiya. Waɗannan kujeru suna nan, mutane na zaune a kansu, kuma tun da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, kuɗi suna sauka kai tsaye a asusun asibitocin mazaɓu, ana bukatar wanda zai tsara kashe su ya kuma auna amfaninsu. Ba sababbin muƙamai ake nema ba, ilimin masu riƙe da su ake so a ɗaga. Tarihi ma ya koya mana cewa ɗan gari mai ilimi yana da wani amfani da baƙo ba shi da shi. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ya bar tabon rashin yarda, wanda ya taimaka wajen dakatar da riga-kafin shan inna daga 2003 zuwa tsakiyar 2004. Abin da ya dawo da amincewa, har aka tabbatar da kawar da nau'in ƙwayar cutar na daji daga Afirka a Agusta 2020, shi ne shigar sarakuna da malamai da matan unguwa da aka sani da fuska.

Suka mafi wuyar amsawa ita ce ta guduwa. Ka ba mutum digiri na biyu da wuri, ka sauƙaƙa masa tafiya Abuja, ko ƙungiyoyin agaji masu biyan albashi mai tsoka, ko Ingila. Wasu za su tafi, babu yarjejeniyar da za ta hana hakan gaba ɗaya. Sai dai shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2010, ta sabunta a 2021, sun nuna cewa ɗaya daga cikin matakan da suka fi tasiri wajen riƙe ma'aikata a karkara shi ne a ɗauki ɗaliban da suka tashi a can, a kuma horar da su kusa da gida. An gwada makamancin haka a nan: shirin Women for Health da Birtaniya ta tallafa daga 2012 zuwa 2020 a Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe ya riƙa ɗauko 'yan mata da matan aure daga ƙauyuka, da yardar iyaye da mazaje da masu gari, ya ba su shekarar share fage domin su shiga makarantun lafiya bisa alkawarin komawa gida. Matar da mijinta da gonarsu da 'ya'yanta suke Makoɗa ba ta da saurin tashi kamar saurayin da aka turo daga birni. Amma dole gwamnatin jiha ta yi nata: wanda ya dawo da digiri biyu aka bar shi a matakin albashin da ya tafi da shi, an kore shi ne da hannu. A gyara tsarin ƙarin girma kafin rukunin farko su fito, a haɗa tallafin karatu da alkawarin shekarun aiki a ƙaramar hukumar da ta turo mutum.

Batun hidimar ƙasa ba zai gagara ba, tunda ɗaliban likitanci da na haɗa magunguna suna yin shekaru fiye da huɗu a jere kafin su tafi. Ɗalibin wannan tsari ya tafi bayan shekara ta biyar, wanda ya haura shekara 30 kuma doka ta riga ta yafe masa. Abin da zai fi ja shi ne kishin sana'a tsakanin likitoci da sauran ma'aikatan lafiya, wanda ya sha durƙusar da asibitocinmu. A faɗa tun farko cewa wannan digiri ba ya mai da kowa likita, ba ya ba shi ikon fiɗa ko rubuta maganin da dokar aikinsa ba ta ba shi ba.

Kirana ga Ma'aikatar Lafiya ta jiha, da Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko, da Majalisar Dattawan Jami'ar Bayero: a fara da rukuni ƙarami daga ƙananan hukumomin arewacin Kano, mutum biyu daga kowace, aƙalla ɗaya mace, a zaɓe su ta jarrabawa ba ta takardar ɗan majalisa ba, a kuma buga sakamakon gwajin a fili bayan sun kammala domin jama'a su gani ko ya cancanci a faɗaɗa shi zuwa sauran jihar.