Cinikin biri a sama: jami'o'in Amurka da farautar koci mai suna

A farkon shekarar 2018, 'yan watanni bayan Jami'ar Texas A&M ta ɗauki Jimbo Fisher ya horar da ƙungiyarta ta ƙwallon Amurka, shugaban rukunin jami'ar, John Sharp, ya miƙa masa wani allon girmamawa irin wanda ake ba zakaran ƙasa. An rubuta komai a jikinsa, shekarar ce kawai ba a ƙarasa ba: 20 da gurbi biyu a buɗe, sai ranar da ya ciyo kofin a cike. A lokacin Fisher bai jagoranci ƙungiyar ko a wasa ɗaya ba, kuma rabon jami'ar da wannan kambu tun 1939. Wannan allo shi ne hoton matsalar da ke tattare da ɗauko koci mai suna. Tun kafin a buga wasa an riga an yanke abin da za a kira nasara, an kuma ɗora shi a inda ƙungiya ɗaya tak ke iya kaiwa kowace shekara cikin ƙungiyoyi sama da 130 da ke babban rukunin gasar.

Ga mai karatun da ya saba da Firimiya da La Liga, wasan da ake magana a kai daban yake: ƙwallo ce mai siffar ƙwai, da hannu ake ɗaukarta, 'yan wasa sanye da hular kwano. Amma zazzaɓin magoya baya iri ɗaya ne, har ma ya fi. Filin wasan Texas A&M, Kyle Field, yana cin mutum sama da 100,000, kuma a jihohi da yawa na Amurka kocin ƙwallon jami'a ne ma'aikacin gwamnati mafi yawan albashi, ya fi gwamna nesa ba kusa ba. Wasanni 12 kacal ake yi a kaka kafin zagayen fidda gwani, saboda haka rashin nasara biyu ko uku sun isa su ɓata shekara guda. Wanda ya ga yadda aka tarbi José Mourinho a Manchester United a 2016, da yadda aka sallame shi a Disambar 2018, ya san yanayin.

Ra'ayina shi ne, haɗarin ba ya cikin kocin kansa. Yana cikin yadda zumuɗin magoya baya ke rubuta kwantiragin, har jami'a ta ɗauke duk wata asara ta ɗora wa kanta, ta bar wanda ta ɗauka ba shi da abin da zai rasa. Fisher ya zo daga Florida State, inda ya ci kofin ƙasa a kakar 2013. Texas A&M ta ba shi kwantiragin shekara 10 a kan dala miliyan 75, da sharaɗin za a biya shi duka ko ya yi nasara ko bai yi ba. A kakar 2020 ya ci wasa 9 ya faɗi 1, ƙungiyar ta ƙare a matsayi na huɗu a ƙasar. Nan take hankali ya tashi kada wata jami'a ta ƙwace shi, sai aka sabunta yarjejeniyar a Satumbar 2021 zuwa 2031, albashi ya haura dala miliyan 9 a shekara. Wata guda bayan haka ya doke Alabama da ci 41 da 38, magoya baya suka kwararo cikin fili, kowa na ganin kwalliya ta biya kuɗin sabulu. A 2022 ya tattaro matasan 'yan wasan da masu sharhi suka sa a sahun farko a duk faɗin ƙasar, amma a wannan kakar Appalachian State, makarantar da ba ta kai su kuɗi ko suna ba, ta zo har gida ta doke su 17 da 14, suka ƙare da nasara 5 da faɗuwa 7. Ranar 12 ga Nuwamban 2023 aka sallame shi, kwana ɗaya bayan ya lallasa Mississippi State 51 da 10. Kuɗin sallamar ya haura dala miliyan 75, fiye da ninki uku na mafi yawan abin da aka taɓa biyan wani koci a irin wannan hali kafin lokacin.

Abin lura shi ne Fisher bai yi mummunan aiki ba. Ya ci wasa 45 ya faɗi 25. A jami'o'i da dama wannan sakamako zai sa a riƙe mutum hannu bibbiyu. Abin da ya kayar da shi allon nan ne mai gurbi biyu. Kuma da masu ɗaukarsa sun tsaya sun duba da idon basira, da sun ga cewa kofin 2013 ya zo ne da Jameis Winston, wanda ya lashe kyautar Heisman ta gwarzon shekara, da tarin 'yan wasan da jihar Florida ke haifarwa, da mataimakan da ke tare da shi a lokacin. Da sun ga kuma cewa a kakarsa ta ƙarshe a can, 2017, ya tafi ya bar ƙungiyar da nasara 5 da faɗuwa 6. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutumin ake saye, amma yanayin da ya sa ya yi fice ba ya shiga jirgi ya biyo shi, kuma sunansa yakan rufe wa masu ciniki ido daga alamun da za su gani a jikin wanda ba shi da suna.

Masu ganin akasin haka za su kawo Nick Saban, kuma hujjarsu tana da nauyi. Alabama ta ɗauko shi a Janairun 2007 daga ƙungiyar ƙwararru ta Miami Dolphins a kan dala miliyan 4 a shekara, kuɗin da ya girgiza mutane a lokacin. Sama da mutum 90,000 suka cika filin don kallon wasan atisaye kawai a bazarar wannan shekara. Kafin ya yi ritaya a Janairun 2024 ya kawo musu kofin ƙasa sau 6. Babu mai musun cewa wannan ciniki ya ci riba. Sai dai mutane kan manta cewa a kakarsa ta farko wasa 7 ya ci ya faɗi 6, har da kashin da ya sha a gida a hannun Louisiana-Monroe, kuma sai a kaka ta uku kofin ya zo. Mafi muhimmanci, Saban ɗaya ne. Kowace jami'a da ta buɗe bakin jaka tun daga lokacin, shi take nema, kuma ana ƙirga wanda ya dace ana mantawa da jerin waɗanda ba su dace ba. Nebraska ta dawo da ɗanta Scott Frost a ƙarshen 2017, kakar da ya ci wasa 13 ba faɗuwa a jami'ar UCF, ta sallame shi a 2022 da nasara 16 da faɗuwa 31. LSU ta ɗauko Brian Kelly daga Notre Dame a 2021 a kan kusan dala miliyan 95, ta kore shi a Oktoban 2025 da bashin sama da miliyan 50 a wuyanta, duk da cewa ya ci mafi yawan wasanninsa. Laifinsa shi ne kociyoyi ukun da suka gabace shi kowanne ya ɗaga kofin ƙasa, shi bai ɗaga ba.

Hujja ta biyu ta fi wuyar amsawa, domin tana cewa cin wasa ba shi ne kaɗai abin da ake saye ba. Misalin da ake bayarwa shi ne Deion Sanders a Colorado. Ƙungiyar ta ci wasa 1 ta faɗi 11 a 2022, ba mai kallonta. Da Sanders ya zo daga Jackson State a Disambar wannan shekara, tikitin kaka ya ƙare ƙaf, karon farko tun shekarun 1990, mutane suka cika fili cikin dusar ƙanƙara don kallon atisaye, gidajen talabijin suka yi sansani a garin Boulder inda jami'ar take, masu neman gurbin karatu a jami'ar suka ƙaru. Ya fara da doke TCU, wadda ta buga wasan ƙarshe a kakar da ta gabata, 45 da 42. A 2024 ya ci wasa 9, ɗan wasansa Travis Hunter ya lashe Heisman. Wannan riba ce ta gaske, kuma na yarda cewa ga makarantar da ta riga ta kai ƙasa, ɗauko mai suna na iya zama dabara mai kyau. Amma a duba su wa suka biya kuɗin. A taronsa na farko da 'yan wasan da ya tarar, Sanders ya faɗa musu ƙarara cewa ya zo da nasa mutanen, wanda zai nemi wata makaranta ya nema. Gommai suka tafi cikin 'yan watanni. Yara ne masu shekara 19 da 20, da suka zo bisa alkawarin kocin baya, wasu sun yi nisa a karatu, suka kwashe kayansu daga ɗakin kwana a tsakiyar shekara ba tare da tabbacin inda za su sauka ba. Sannan da Hunter da Shedeur, ɗan kocin, suka wuce gasar ƙwararru, Colorado ta koma nasara 3 da faɗuwa 9 a 2025, 'yan watanni bayan ta sabunta wa Sanders kwantiragi a kan dala miliyan 54. Farin jinin da aka gina a kan mutum ɗaya haya ce, ba mallaka ba.

Akan kuma ce ai kuɗin ba na ɗalibai ba ne, attajiran tsofaffin ɗalibai ne ke tarawa, to ina ruwan wani? A da wannan magana tana da ɗan kama hankali, lokacin da doka ta hana biyan 'yan wasa, koci da gine-gine ne kaɗai inda kuɗi ke iya zuwa. Yanzu zamani ya juya. Tun Yulin 2021 ɗan wasan jami'a na iya karɓar kuɗin talla da sunansa, kuma daga 2025 jami'a na iya raba wa 'yan wasanta kuɗi kai tsaye, har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Ɗan wasa kuma na iya sauya makaranta ya ci gaba da wasa ba tare da zaman jira ba. Aljihun attajiran nan guda ne. Duk dalar da ta tafi wajen biyan wanda aka kora, an zare ta ne daga abin da za a riƙe 'yan wasa da shi, ko daga ninkaya da guje-guje da wasannin mata, waɗanda a kan kuɗin ƙwallon nan suke rayuwa. Ko Bill Belichick, mai kofin Super Bowl 6 a matsayin babban koci a gasar ƙwararru, da North Carolina ta ɗauka a Disambar 2024 a kan dala miliyan 10 a shekara, ya sha kashi 48 da 14 a wasansa na farko, ya ƙare kakar da nasara 4 da faɗuwa 8. Sunansa bai tare masa ko ɗan wasa ɗaya a fili ba.

Ba ina cewa a guji ƙwararru ba ne. Abin da nake nema shi ne a raba haɗarin. Jami'a na iya biyan albashi mai tsoka ta kuma ƙi lamunce shekara 10 gaba ɗaya. Tana iya sa sharaɗin cewa idan kocin ya samu wani aiki a rage daga abin da yake binta, sharaɗin da babu shi a takardar Fisher. Tana iya ƙin sabunta kwantiragi bayan kaka ɗaya mai daɗi. Za a ce in ba ka ba da ba wani zai bayar, kuma gaskiya ne wani lokacin za a rasa mutumin. To a rasa shi. Indiana, wadda ta daɗe tana cikin mafi rauni a gasar, ta ɗauko Curt Cignetti daga James Madison a ƙarshen 2023, mutumin da yawancin masu kallo ba su san fuskarsa ba, ya ci wasa 11 a kakarsa ta farko ya kai su zagayen fidda gwani. Magoya baya su ma suna da nasu rabon laifin, domin daraktan wasanni yana sa hannu a irin waɗannan takardu ne don tsoron su. Idan ya ɗauko mai suna abin ya lalace, zai ce kowa ya goyi baya. Idan ya ɗauko wanda ba a sani ba abin ya lalace, shi kaɗai zai sha. Muddin ihun 'yan kallo na hukunta haƙuri yana saka wa gaggawa, haka za a ci gaba da yi.

Wanda ya gaji Fisher a Texas A&M shi ne Mike Elko, tsohon mataimakinsa mai kula da tsaron baya, wanda ya je Duke ya yi shekara biyu ya dawo ba tare da an buga masa ganga ba. A kakarsa ta biyu, 2025, ya ci wasa 11 ya kai jami'ar zagayen fidda gwani, inda Fisher bai taɓa kai ta ba, kuma ƙungiyarsa ce ta doke LSU 49 da 25 a daren da ya kawo ƙarshen aikin Brian Kelly. Jami'ar na biyan Elko albashinsa, tana kuma aika wa Fisher nasa kason kowace shekara, kuma za ta ci gaba da aikawa har 2031.