Na'ura Ta Auna, Likita Ya Yanke Hukunci

Jama'a, kowa ya san wuyar sa yaro mai shanyayyen hannu ko ƙafa ya maimaita motsi guda sau ɗaruruwa, alhali kuwa maimaitawar nan ita ce maganin. Lahanin ƙwaƙwalwa mai shanye gaɓoɓi tun jarinta yakan sami wajen yara 2 cikin kowane 1,000. Domin kada su gaji, likitoci suka mai da aikin motsa jiki wasan kwamfuta. To, amma in wasa ya cika sauƙi sai ya gunduri yaro, in ya cika wuya sai ya karai. Tun 1908 Yerkes da Dodson na Amurka suka nuna, da gwaji a kan ɓeraye, cewa abu mai wuya ya fi koyuwa da matsi matsakaici.

Dabarar da masana suka ɓullo da ita ita ce a bar jiki ya yi magana. A birnin Zurik na Suwizalan, inda aka ƙera Lokomat, na'urar koya wa majiyyaci tafiya, an gwada auna bugun zuciya da numfashi da gumin fata da ɗuminta. In alamu suka nuna ƙosawa, kwamfuta ta sassauta wasan, in suka nuna gundura, ta ƙara masa wuya. Mun yaba da wannan ƙwarai, musamman saboda yaran da lahani ya hana su faɗin abin da ke damunsu.

Sai dai akwai abin lura. Zuciya takan yi sauri don tsoro, takan yi don murna, takan kuma yi don aikin kansa, gumi ma haka. Na'urar da ta ɗauki murna a kan tsoro za ta rage wasan daidai sa'ad da yaro ya fara samun ƙarfi, watau ta jinkirta masa sauƙi. Kana kuma bugun zuciyar yaro ya fi na babba sauri, saboda haka ma'aunin manya ba ya yi wa yara.

Ra'ayinmu shi ne na'ura ta ba da shawara, hukunci kuwa ya tsaya a hannun likitan da ke duban yaron, gama labarin zuciya a tambayi fuska. Abin da aka auna a jikin yaro kuma amana ce, kada ya fita daga asibiti sai da yardar iyayensa. Allah ya ba yaranmu lafiya, amin.