Mu Rufe Littafin, Mu Tambayi Kanmu

Duk wanda ya leƙa azuzuwanmu da dare idan jarrabawa ta matso, zai tarar kowa ya duƙufa a kan littafinsa, yana maimaita shafi ɗaya sau huɗu, sau biyar. Wannan muke kira ƙwazo. A ganinmu yawancinsa ƙona man fitila ne kawai, kuma wani ɗalibin jami'a a Amurka ya nuna dalili.

Sunansa Jeffrey Karpicke. Ya yi digirinsa na farko a fannin ilimin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Indiana, sa'an nan ya wuce Jami'ar Washington ta birnin St. Louis neman digirin dakta a hannun Farfesa Henry Roediger. Tambayar da ya sa a gaba ita ce: me ke sa karatu ya zauna a kai?

A shekarar 2006, tun bai gama ba, shi da malaminsa suka buga sakamakon wani gwaji. An ba ɗalibai gajeren rubutu su karanta. Waɗansu suka sake karantawa, waɗansu kuwa aka karɓe takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti 5, masu maimaitawa ne a gaba. Amma bayan mako guda sai labari ya sha bamban: waɗanda suka yi ƙoƙarin tunowa sun riƙe kashi 56 cikin 100, masu maimaitawa kashi 42.

Abin da ya fi ba mu tsoro yana cikin gwajinsu na biyu. Waɗanda suka fi yawan maimaita karatun su ne suka fi sakankancewa za su tuna, su ne kuma suka fi mantuwa. Ido ya saba da shafi, zuciya ta ɗauka ta iya. Sau nawa muke fitowa daga ɗakin jarrabawa muna cewa, "Ai jiya-jiyan nan na karanta shi"?

Gaskiya rufe littafi ba daɗi, domin nan take yake tona mana asiri. Amma gara asirin ya tonu a ɗakin kwana da ya tonu a gaban takardar WAEC.

Muna kuma roƙon malamanmu su yawaita 'yan gajerun tambayoyi a farkon darasi, ba don maki ko bulala ba, su kuma gyara amsoshin nan take. Minti biyar ma sun isa.